Jakar nan mai madubi da wuri da aka kawo miki daga Indiya, ga abin da ake nufi da ɗinkin Lambani

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, kin ce gwaggonki ta je asibiti Indiya ta dawo miki da tsarabar wata 'yar jaka mai madubai da wuri da zare ja da rawaya, mai shagon ya ce mata aikin Lambani ne, kina so ki san su waye Lambanin, yaya ake ɗinkin, ta ina za ki gane na hannu ne ko na inji, sannan tunda ke tela ce ko za ki iya koya ki riƙa sawa a kayan kwastomominki. Ban amsa da wuri ba ne saboda bana so in yi miki amsar gaggawa, aikin nan ina ƙaunarsa har cikin raina, lokacin da nake karatun saƙa da zanen tufafi a Bangalore na samu na je wani ƙauyensu kusa da garin Sandur a jihar Karnataka na zauna da matan suna ɗinki ina kallon hannunsu, kuma tun daga nan kallon da nake yi wa allura da zare ya canza.

Toh abu na farko, ki ɗan kau da idonki daga kan madubin. Kowa shi yake fara gani dan shi ke ƙyalli, amma madubi ba na Lambani kaɗai ba ne, matan Kutch a jihar Gujarat suna sawa, na Rajastan suna sawa, na Sindh a Pakistan ma haka. Abin da ya sa aikin Lambani ya fita daban shi ne yadda ake harhaɗa ƙananan ƙyallaye a haɗe su da ɗinki mai ƙarfi, sannan a bi kansu da zare layi bayan layi har yadin ya yi kauri ya zama ba ya yagewa da sauƙi. Wato adon da ƙarfin kayan abu ɗaya ne a wurinsu, ba wai an gama riga ba ne sannan a zo a yi mata kwalliya, kwalliyar ita ce ke riƙe da rigar. In kin fahimci wannan duk sauran bayanin zai zo miki da sauƙi.

Dalilin haka yana cikin tarihinsu. Lambani su ne dai ake kira Banjara a arewaci da tsakiyar Indiya, a Telangana da Andhra Pradesh a ce musu Lambadi, a Karnataka a ce Lambani, su kuma a tsakaninsu Gor suke kiran kansu, yarensu kuma Gor boli wanda yake da kusanci da yarukan Rajastan, can ɗin ne suke danganta asalinsu. Fatake ne, sana'arsu ita ce dakon gishiri da hatsi a bayan takarkarai, ayari guda sai ki ga shanu dubbai, suna keta Indiya daga wannan gefe zuwa wancan. Sojojin sarakunan Mugal da suka gangara kudu yaƙi a ƙarni na 17 su ne suke kai musu abinci, daga baya sojojin Ingila ma da su suka dogara. Ayarin nasu sunansa tanda, shugabansa kuma naik, kaman dai yadda mu muke da ayari da madugu, kuma har yau ƙauyukan da suka zauna tanda ake ce musu, galibi a ɗan gefe da garin sauran mutane. Kinga macen da rayuwarta duk a hanya take, yau nan gobe can, cikin ƙaya da rana da ƙura, ba ta da akwati goma na kaya, riga ɗaya ko biyu ce za ta yi shekaru da ita, dole ta san yadda za ta sa ta yi ƙarko, kuma ko ɗan ƙyalle kaman tafin hannu ba za ta yar ba. Dukiyarta ma a jikin rigar take ɗinke ta, sulalla da wuri da 'yan ƙarafan azurfa, inda ta sa ƙafa dukiyar na biye da ita.

Abin da ya karya fataucin nasu jirgin ƙasa ne. An fara jirgin fasinja a Indiya a 1853 daga Bombay zuwa Thane, cikin 'yan shekaru layin dogo ya ratsa ƙasar, kayan da takarkari zai yi wata biyu yana ɗauka jirgi ya kai cikin kwana biyu. Mu ma mun san irin wannan, bayan jirgi ya iso Kano a 1911 fataucin ƙasa bai ƙara komawa yadda yake ba. Amma nasu ya fi muni dan Turawan mulkin mallaka sun yi wata doka a 1871 wadda take ɗaukar wasu ƙabilu gaba ɗayansu a matsayin masu laifi tun daga haihuwa, kuma an saka Banjara na wurare da dama a ciki, ana ƙidaya su ana hana su yawo sai da izinin 'yan sanda. Sai a 1952 bayan Indiya ta samu 'yanci aka soke dokar. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai in ji ɗinkin ya ƙara girma a idona, mutanen da aka raba da sana'arsu aka liƙa musu sunan ɓarayi, suka koma itace da ƙodago da yankan rake a gonakin wasu, amma matansu ba su ajiye allura ba.

Yanzu ga yadda ake aikin. Yadin asali na auduga ne saƙar hannu mai ɗan kauri wanda ana iya ganin zarensa, launin da suka fi so ja mai duhu da shuɗin baba, sai rawaya da kore da baƙi da ɗan fari a tsakani. A da rinin duk na itatuwa ne, baba dai irin wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata, ja daga saiwar tsiro, rawaya daga ɓawon rumman. Kuma ba sa zana komai a kan yadin kafin su fara, babu fensir babu alli babu takardar kwafi, zaren yadin suke ƙirgawa da ido, a ɗauki uku a tsallake uku, layi na gaba a gusa da ɗaya, a hankali sai ki ga siffa ta fito. Shi ya sa kusan duk adonsu murabba'i ne da kusurwa uku da zigizag da layuka, ba kasafai za ki ga fure ko tsuntsu ko giwa ba kaman yadda ake gani a aikin Gujarat. In jakarki tana da ɗawisu ko giwa an zana an cike da zare, toh da wuya ta zama ta Lambanin Karnataka.

A yankin Sandur ana lissafa irin ɗinki 14, kowanne da sunansa, kilan, vele, bakiya, maki, suryakanti maki, kans, tera dora, kaudi, relo, gadri, bhuriya, pote, jollya, nakra. Ba sai kin haddace ba, amma akwai waɗanda in kin gane su za ki iya karanta jakarki. Vele ɗinkin sarƙa ne da ake jerawa layi kusa da layi, kowane layi da launinsa, a matse su sosai har yadin ƙasa ya ɓace gaba ɗaya, shi ne yake ba kayan kaurin nan da kike ji a hannu kaman tabarma. Bakiya shi ne ɗinkin koma-baya da kika sani, wanda yake fitowa kaman na keke. Nakra ɗan ƙaramin lu'ulu'u ne mai gefe huɗu da ake jerawa a tsakanin layuka. Suryakanti a Kannada, yaren Karnataka, sunan furen nan ne mai bin rana. Sai kuma wanda ni ya fi burge ni, katta, shi ba zare ba ne ma, ƙyalle ne ake yanka siriri a tsattsaga bakinsa da almakashi, a riƙa naɗe kowane yanki ciki da tsinin allura ana kamawa, sai ya fito jerin ƙananan kusurwa uku kaman haƙoran zarto a bakin kaya. Na ga wata dattijuwa tana yinsa tana hira ko kallon hannunta ba ta yi, kuma kowane haƙori daidai da ɗan'uwansa, ƙanana kaman ƙwayar masara. Wannan shi ne wurin da ake gane gwana, ba wurin madubi ba.

Shi madubin kuwa ba gam ake sa masa ba kuma ba a huda shi. Ana ɗora shi a kan yadi a danne da babban yatsa, a ja zare biyu a tsaye biyu a kwance su gitta a kansa kaman an yi masa keji, wasu su ƙara wasu huɗu a karkace, sannan a bi zagaye ana soka allura a yadi ana saƙalo zaren kejin ana janyo shi baki-baki, da irin ɗinkin da ake yi wa ramin maɓalli, ko in ce irin na ƙananan idanun nan na aljihun babbar riga. Da an zagayo sai kejin ya buɗe a tsakiya ya zama zobe ya riƙe madubin gam. Kuskuren masu koyo shi ne su sa zaren kejin a can bakin madubi, da an ja sai ya zame madubin ya faɗo, ki sa shi ya shigo ciki sosai kuma ki ja shi ya yi tauri tun farko. Madubin da a tsofaffin kaya ba shafaffe ba ne sumul, yana da ɗan lanƙwasa da duhu-duhu, irin wanda ake hurawa a garin Kapadvanj na Gujarat, a hura gilashi ya zama ƙatuwar ƙwallo a shafe cikinta da narkakkiyar dalma a fasa a yayyanka. Su a al'adarsu suna cewa madubi yana mayar da mugun ido, wasu tsofaffin kuma su ce ƙyallinsa yana korar namun daji lokacin da ake kwana a jeji.

Wuri kuma ai ke kin san shi, kaudi suke ce masa. Irin wurin nan ne dai na tsibiran Maldives da ya zama kuɗi a Indiya kuma ya zama kuɗi a ƙasar Hausa, kalmar kuɗi ma da muke faɗa kullum ai jam'in wuri ce. A wurinsu alamar arziki ne da albarka, ana fasa bayansa a ɗinke shi a jere a bakin kaya ko a haɗa huɗu su yi kaman fure, ko a rataya shi a ƙarshen tuntu.

Kayan da ake yi wa wannan aikin asali ba jakar hannu ta zuwa biki ba ce. Akwai phetiya, ƙaton buje mai faɗi wanda ƙugunsa da bakinsa na ƙasa suka fi shan aiki, dan nan ne wurin da kaya yake fara ci. Akwai kanchali, 'yar riga mai buɗaɗɗen baya da ake ɗaurewa da igiyoyi, ita ba a yanka ta da lanƙwasa kaman yadda muke yanka blawus, murabba'ai ne ake ɗinka kowanne daban, na ƙirji daban na ciki daban na kafaɗa daban, sannan a haɗa. Sai mayafi mai faɗin baki cike da madubi da sulalla wanda yake sauka a goshi. A hannu kuma awarwaro farare tun daga wuyan hannu, matan aure har saman gwiwar hannu, da na hauren giwa ne da ƙashi yanzu na roba. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne gammo. Eh gammon ɗaukar tulu, shi ma sai an yi masa ɗinki, a haɗa masa wani ƙyalle mai murabba'i cike da wuri da madubi yana sauka ta ƙeya ya rufe bayan wuya, ana ce masa phulia. Akwai kalchi, ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake dunƙule shi da ɗinki ninki-ninki a naɗo kusurwa uku tsakiya ya zama kaman ambulan, a ciki ake ajiye gurasa ko kayan amarya. Har takarkarin ma ana yi masa adon goshi da na ƙaho.

Yarinya tun tana ƙarama take zama gefen uwarta da kakarta tana koyo, kuma kayan da za ta tafi da su gidan miji ita da uwarta suke ɗinkawa a hankali cikin shekaru, dangin miji su buɗe su duba hannunta, kusan yadda ake zuwa ganin jere a wurinmu sai dai nasu ba saya ake yi ba. Suna ma da wani kukan amarya mai waƙa da ake kira dhavalo wanda manyan mata suke koya mata kafin ta bar tanda ɗinsu.

Gaskiyar magana yanzu 'yan matansu da yawa ba sa saka waɗannan kayan sai ranar biki ko bikin tunawa da waliyyinsu Sevalal da suke yi duk 15 ga Fabrairu. Kayan suna da nauyi, suna cin watanni kafin a gama, sari na roba kuma yana da araha, ga kuma gorin da ake yi musu a gari da an gan su da shigar. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Abin da ya riƙe sana'ar shi ne ƙungiyoyin da suka mayar da ita hanyar samun kuɗi. A Sandur, garin haƙar tama da manganis a gundumar Ballari inda jar ƙura take rufe komai, akwai cibiyar Sandur Kushala Kala Kendra da ta faro a shekarun 1980, mata ɗaruruwa suna karɓar yadi da zare su yi aiki a gidajensu a biya su, ana sawa a jaka da rigar filo da sari da riguna. A 2010 aka yi wa ɗinkin Lambani na Sandur rajistar GI, wato shaidar gwamnati cewa sunan na wannan yankin ne, wani ba zai yi nasa a wani wuri ya liƙa sunan ba. A watan Yulin 2023 kuma lokacin taron al'adu na ƙasashen G20 a garin Hampi na Karnataka, mata sama da 450 suka baje guda 1,755 na aikinsu a wuri ɗaya har ya shiga kundin Guinness. Can kudu a kwarin Sittilingi na jihar Tamil Nadu ma aikin ya kusa mutuwa sai tsofaffi biyu kacal suka rage da suke tuna shi, wata likita Lalitha Regi ta taimaka aka tattara mata suka koya daga wurinsu, ƙungiyar sunanta Porgai, ma'anarsa alfahari a yarensu.

Sai dai akwai wani ɓangare da yake ɓata min rai, kuma ya shafi jakarki. 'Yan kasuwa suna bin tanda-tanda suna sayen tsofaffin kanchali da phetiya a hannun tsofaffi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su yayyanka su liƙa a jaka da jaket su sayar wa 'yan yawon buɗe ido a Goa da Delhi da tsada. In kin ga aikin jikin jakarki ya koɗe, an yanke ado a tsakiyarsa bai ƙare ba, wani madubin ya fashe ko ya dushe, amma zif da shafin ciki sababbi ne fil, toh rigar wata ce aka yanka. Aikin na gaske ne, sai dai wadda ta yi shi ba lallai ta ga ribarsa ba.

Gane na hannu da na inji kuwa ke tela ce ba zai ba ki wuya ba. Ki ɗan farke shafin ciki ta gefe ki leƙa baya. Na inji za ki ga zaren bobin fari ko baƙi yana bin ko'ina, wani lokacin har da farar takardar nan da ake mannawa a baya, kuma kowane ɗinki tsawonsa ɗaya ba bambanci. Na hannu zare ɗaya ne gaba da baya, za ki ga inda aka ƙulla da inda zare ya ƙare aka ɗora wani, wani lokacin launin ma ya ɗan bambanta dan wancan ya ƙare mata. Ki ƙwanƙwasa madubin da farce, gilashi yana da sanyi da ƙara, na roba yana lanƙwasa. Ki duba zoben da ya kewaye shi, in zobe ne na roba da aka naɗe da zare aka ɗora a kai aka kama da ɗinki huɗu, wannan aikin sauri ne na kasuwa. Sannan ki ja wurin haɗin ƙyalle biyu a hankali, a aikin Lambani na ainihi haɗin ma ado ne, za ki ga zare mai launi ya cike tsakanin, ba a ɓoye shi a ciki ba.

Batun ko za ki iya koya, ƙwarai kuwa, kuma ina ganin ya dace da mu sosai dan babu shagon tela a ƙasar nan da ba a share ƙyallayen atamfa da shadda a zubar kullum. Shawarata kar ki fara da madubi. Ki samu yadi mai kauri wanda zarensa ke ganuwa, ki yanka murabba'i kaman tafin hannu, ki cike shi da sarƙa layi-layi da launi huɗu har sai kin daina ganin yadin, in ya tattare ya yi kwano toh kina jan zare da yawa, ki sake wani. In hannunki ya zauna ki koma haƙoran katta da ƙyallen auduga wanda ba ya zarewa, shadda mai santsi za ta wahalar da ke a farko. Sai a ƙarshe ki zo kan madubi, ki fara gwadawa da kwabo ko maɓalli mai faɗi kafin ki sa gilashi, kuma in za ki sa gilashin ki goge bakinsa a jikin dutse ko siminti dan kar ya yanke zare. Bakin hannun abaya, bakin mayafi, jakar waya, rigar filon ɗakin amarya, duk zai zauna. Abu ɗaya nake roƙonki, in kin yi naki kar ki ce wa kwastoma aikin Lambani ne daga Indiya, ki ce aikinki ne da kika koya daga salonsu, kuma ki sa kuɗin da ya dace da kwanakin da kika yi a kai, dan in kika sayar da shi farashin aikin inji ke da kanki za ki gaji ki bari.

Ita kuma jakar gwaggo kar ki jiƙa ta a omo kar ki sa ta a injin wanki, jan nan yana zuba kuma ruwa in ya shiga bayan madubi yana cinye shafensa ya yi baƙi. In ta yi datti ki sa tsumma mai ɗan danshi ki goge a hankali ki shanya a inuwa, in kuma dole sai an yi guga toh ta baya, ki shimfiɗa tawul a ƙasa ki kifa ta a kai. In kin farke shafin kin leƙa ki faɗa min abin da kika gani a bayan, daga nan zan iya gaya miki ko sabon aiki ne ko tsohuwar riga aka yanka.